Tashar British Steel Redcar: Tarihin Tashar Jirgin Ma'aikatan Ƙarfe

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen da masana'antu suka bunƙasa, akan gina ƙananan tashoshin jirgin ƙasa a bakin ƙofar ma'aikata, domin kai leburori wurin aiki da mayar da su gida. Irin wannan tasha ba ta dogara da gari ko kasuwa. Idan ma'aikatar ta rufe, ita ma kwananta ya ƙare. Wannan takarda za ta duba tarihin ɗaya daga cikinsu, wato tashar British Steel Redcar da ke arewa maso gabashin Ingila, kusa da bakin kogin Tees.

2.0 Asalin Tashar

Layin dogo ya isa garin Redcar daga Middlesbrough a shekarar 1846. A 1850 aka gano tama mai yawa a duwatsun Eston, abin da ya mayar da yankin cibiyar narka ƙarfe. Kamfanin Dorman Long, wanda ya gina babbar gadar Sydney ta Ostireliya, ya kafa ma'aikatarsa a Redcar a 1917. Ma'aikatansa kan sauka ne a wata ƙaramar tasha mai suna Warrenby.

A 1967 gwamnatin Birtaniya ta karɓe manyan kamfanonin ƙarfe, ta haɗe su a ƙarƙashin hukumar British Steel. Da hukumar ta tashi faɗaɗa ma'aikatar Redcar, sai aka karkatar da layin dogon, aka rufe Warrenby. A madadinta aka buɗe sabuwar tasha a watan Yuni na 1978. Shekara guda bayan haka aka hura wutar sabon tanderun narka tama, wanda babu kamarsa a girma a duk Birtaniya a lokacin.

Tashar tana tsakiyar filin kamfani ne, babu hanyar da jama'ar gari za su bi su shige ta. Saboda haka ƴan jiragen da ke tsayawa a wurin an tsara su ne daidai da lokutan shiga aiki da tashi.

3.0 Durƙushewar Ma'aikatar

An sayar da British Steel ga ƴan kasuwa a 1988. A 1999 ya haɗe da wani kamfanin Holan, suka zama Corus, sannan kamfanin Tata na Indiya ya saye Corus a 2007. An dakatar da tanderun a 2010 saboda rashin ciniki. Kamfanin SSI na Tailan ya saye ma'aikatar a 2011, ya sake hura wutar a watan Afrilu na 2012. Murnar ba ta daɗe ba, domin farashin ƙarfe ya faɗi a kasuwar duniya, musamman saboda yawan wanda Sin ke fitarwa. A watan Oktoba na 2015 kamfanin ya karye, mutane fiye da 2,000 suka rasa aikinsu.

Duk da haka jirage suka ci gaba da tsayawa a tashar, domin dokar Birtaniya ba ta yarda a rufe tasha haka kawai ba, sai an bi matakai masu tsawo, ciki har da jin ra'ayin jama'a. A ƙididdigar shekarar 2017 zuwa 2018, sau 40 kacal aka hau jirgi ko aka sauka a wurin, wato ita ce ta ƙarshe a yawan fasinjoji a duk ƙasar. Wannan labari ya jawo masu sha'awar jiragen ƙasa, har adadin ya kai 360 a shekarar da ta biyo baya. Amma baƙi masu kallo ba su iya riƙe tasha. A watan Disamba na 2019 jirage suka daina tsayawa, kuma a watan Nuwamba na 2022 aka rushe tanderun da nakiya.

4.0 Kammalawa

Tashar ta yi aiki shekara 41, huɗu na ƙarshe babu ma'aikatar da aka gina ta dominta. Tarihinta ya nuna cewa tashar da ta dogara da ma'aikata ɗaya, makomarta tana hannun masu kamfanin da farashin kasuwar duniya. Haka abin ya kasance ga dubban iyalan Redcar da ke cin abinci daga wannan tanderu.