Tambarin Ghana da Mutanen Arewa

Duk wanda ya shiga ofishin gwamnati a Tamale yakan ga tambarin Ghana, amma ba kowa ya san ma'anarsa ba. A zamanin Turawa, alamar Gold Coast giwa ce tsaye a gindin itacen kwakwa. Da mulkin kai ya kusato, wani mai zane, Amon Kotei, ya zana sabon tambari. Aka karɓe shi ran 4 ga Maris 1957, kwana biyu kafin samun 'yanci.

Garkuwa ce, koren gicciye ya raba ta gida huɗu. A bisa akwai takobi da sandar kakakin sarki, alamar sarauta, sai fadar Osu a bakin teku, mazaunin gwamnati a dā. A ƙasa akwai itacen koko da ramin haƙar zinariya. Zakin da ke tsakiya ba na Ya-Na na Yendi ba ne, yana nuna zumunci da ƙasashen renon Ingila. Mikiya biyu suna riƙe da garkuwar, baƙin tauraro yana samanta. A ƙarƙashi an rubuta 'yanci da adalci da Turanci.

Mutumin arewa zai ce babu dawa, babu kaɗanya, babu shanu a ciki. Gaskiya ne. Amma tun zamanin Turawa samarin arewa suka yi ta gangarawa kudu ƙwadago, a gonakin koko na Asante da ramukan Obuasi da Tarkwa. Guminsu yana cikin garkuwar nan. Saboda haka in jikokinsu sun nemi adalcin da aka rubuta a ƙarƙashinta, ba bara suke yi ba, hakkinsu suke nema.