Asalin Jarrabawar Injiniyoyin Ƙarfin Gini a Ingila

A daren 28 ga watan Disamba na shekarar 1879 aka yi wata iska mai tsananin ƙarfi a ƙasar Sikotilan. Jirgin ƙasa ya hau gadar Kogin Tay, wadda tsawonta ya kusa mil biyu, ya nufi birnin Dundee. Da ya kai tsakiya sai gadar ta karye, ta rufta ruwa da shi, ba a sami ko rai guda da ya tsira ba. Injiniyan da ya tsara ta, Thomas Bouch, a cikin shekarar nan Sarauniya Biktoriya ta ba shi sarauta saboda wannan aiki. Da aka yi bincike aka tarar bai yi wa ƙarfin iska lissafin da ya kamata ba, ga kuma sakaci wajen ƙira da kulawa. Bai cika shekara ba ya mutu.

A zamanin nan, a Ingila, mutum ya kan zama injiniya ne ta zama a ƙarƙashin wani gwani. Sunan maigidansa shi ne shaidarsa. To, ga shi babban gwani da kansa ya yi kuskure.

Sa'an nan kuma wani sabon abu ya zo, watau kankare mai ƙarfe a ciki. Wani Bafaranshe, François Hennebique, ya yi rajistar tasa dabara a 1892, ba mai gini da ita sai da izninsa, lissafin kuwa a hannun mutanensa ya ke. Waɗansu ma suka fito da nasu. Sanin da rayukan jama'a ke rataye a kansa ya zama kamar asirin gida. Domin haka a 1908 waɗansu masana suka taru a Landan suka kafa Ƙungiyar Kankare, don a fid da sanin nan fili. Ba ta tsaya ga kankare kaɗai ba, gama gine-ginen ƙarfe suna ta yawaita. A 1922 aka sāke mata suna ta zama Ƙungiyar Injiniyoyin Ƙarfin Gini, a 1934 kuma, zamanin Sarki Joji na Biyar, aka ba ta takardar yardar sarauta. Daga nan wanda ta karɓa sosai ya ke da ikon kiran kansa injiniya mai shaida.

Ƙofar shiga ita ce jarrabawa, sunanta kuwa ya kai ƙasashe da yawa saboda wuya. Ba ɗalibi a ke yi wa ita ba. Sai mutum ya gama makaranta, ya yi shekaru yana aiki; manya kuma su kan zauna da shi su tambaye shi abin da ya taɓa yi da hannunsa. Ranar jarrabawa a kan ba shi awa bakwai da 'yan tambayoyi, ya zaɓi ɗaya tak: ko bene, ko gada, ko wani babban ɗakin ajiya. A gaya masa irin ƙasar wurin, da nauyin da ginin zai ɗauka, da inda mai ginin ya hana a kafa ginshiƙi. Sai ya fito da hanya biyu dabam dabam waɗanda kowace za ta tsaya, ya nuna yadda nauyi ke bi tun daga rufi har harsashi, kāna ya zaɓi ɗaya ya faɗi dalili. Bayan wannan ya yi lissafi, ya yi zane, ya bayyana yadda za a ɗora aikin ba tare da ya faɗa wa ma'aikata ba. Wanda gininsa ba zai tsaya ba ya faɗi, kome kyaun sauran aikinsa. Sau da yawa waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka ci yawa.

Abin da masu jarrabawa ke dubawa ya kan ƙaru in wani bala'i ya auku. Ran 16 ga Mayu, 1968, gas ya fashe a hawa na 18 na wani bene mai hawa 22 a gabashin Landan, sunansa Ronan Point. Bango ɗaya ya fice, sai kusurwar ginin duka ta zube, mutum huɗu suka mutu nan take. A 1970 aka gyara dokar gini, aka ce dole dogon bene ya jure rasa gaɓa ɗaya ba tare da saura sun bi ta ba. Mai neman shaida ba shi da damar mance wannan.

Shirin jarrabawar kuwa ba hadda ba ne, don an yarda mutum ya shiga da littattafansa. Lokacin buɗe su ne babu. Saboda haka masu shiri su kan yi watanni suna ɗaukar tambayoyin shekarun baya, su ajiye agogo a gaba, su koyi kintata kaurin ginshiƙi tun ba su taɓa lissafi ba. Su kan kuma karanta rahoton da masu jarrabawa ke bugawa bayan kowace jarrabawa, inda kuka ɗaya ke yawan dawowa: mutum ya kawo hanya biyu, amma ta biyun ta farin ce ya sāke wa riga.