Baƙin dutsen da ke kwance da kuzar Riruwai

Wanda ya bi hanyar Jos daga Kano, ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, zai hango duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa. Da kuza aka san garin. Tun kafin Turawa su iso, mutanen Riruwai na wanke ta a rafi, su narka, su zuba ta sirara kamar tsinken ciyawa, fatake su kai kasuwa.

Amma kuza ba ita kaɗai ke cikin dutsen ba. A jijiyar nan da ta ratsa shi daga gabas zuwa yamma akwai wani baƙin dutse mai ƙyalli, wanda in ka ɗora ɗan guntunsa a tafin hannu sai ka ji ya rinjaye ka. Shi ne wulfuram, uwar ƙarfen tangistan.

Sunan wulfuram ma na ɓacin rai ne. Masu narka kuza a Jamus sun lura in ya shiga tukunya sai kuzar ta ragu, suka ce cinye ta yake yi kamar yadda kyarkeci ke cin tunkiya, suka raɗa masa suna daga sunan kyarkeci a harshensu. Sai a 1783 wasu 'yan'uwa biyu a Sifen, 'yan gidan Elhuyar, suka fitar da ƙarfen zalla. Nauyinsa ya ninka na ruwa sau 19, kusan daidai da zinariya, shi ya sa 'yan damfara kan shafe shi da ruwan gwal su sayar. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422. Wannan taurin kai ne ya kai shi cikin ƙwan lantarki irin na da, da bakin injin haƙa burtsatse, da ɗan ƙwallon da ke bakin biro.

Yaƙi ne ya tsadar da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus da Ingila sun yi ta rige-rigen sayensa a Fotugal, don harsashin da ke huda tankar yaƙi. Mu kuwa a nan kuza aka matsa wa, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, aka riƙa ɗibar talakawa aikin dole, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna.

Daga baya wani kamfani ya haƙa rami mai zurfi a Riruwai, ya kafa injuna. Aikin kamfanin ya mutu, farashin kuza ma ya rushe a 1985. Yau kusan kashi 80 cikin 100 na tangistan duniya daga Sin yake fitowa, a Riruwai kuwa matasa ne ke bin tsofaffin ramuka da diga da shebur.