Stephen Hauser da Cutar MS: Ana Zaton Wuta a Maƙera

Akwai wata cuta da likitoci ke kira multiple sclerosis, ko MS a taƙaice. Ta fi kama matasa 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun fi maza kamuwa da ita. Ƙididdigar 2020 ta nuna kusan mutum miliyan 2.8 ne ke fama da ita a duniya. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da wani rufi mai suna mayelin, kamar dai robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A wannan cuta, garkuwar jikin mutum ce da kanta take afka wa rufin. Daga nan sai saƙo ya daina wucewa yadda ya kamata: gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, hannu ya riƙa rawa. Tun 1868 likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana cutar a birnin Paris, amma aka shafe fiye da shekara 120 babu maganin da aka amince yana rage mata ƙarfi.

To, wane ɓangare ne na garkuwar jiki ke wannan ɓarna? Shekara da shekaru masana sun tsaya a kan cewa ƙwayoyin T ne. Suna da hujjarsu: idan aka haddasa wa ɓeraye makamanciyar cutar a ɗakin gwaji, ƙwayoyin T kaɗai sun isa su jawo ta.

Stephen Hauser, likitan jijiyoyi ɗan Amurka da ya yi karatu a Harvard, bai gamsu ba. Ya lura cewa raunukan da ake gani a ƙwaƙwalwar ɓera ba su yi kama da na mutum sosai ba. Bayan ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco a 1992, shi da abokin aikinsa Claude Genain suka zurfafa bincike a kan wasu ƙananan birai da ake kira mamoset, waɗanda raunukansu suka fi kama da na ɗan Adam. A 1999 suka wallafa cewa sun ga sinadaran kariya, wato antibodi, manne da mayelin ɗin da ke lalacewa, a birai da kuma a mutane. Su kuwa waɗannan sinadarai, ƙwayoyin B ne tushensu.

Ana nan kuma, ga shi tun 1997 akwai magani a kasuwa mai suna rituximab, wanda ke kawar da ƙwayoyin B, ana ba masu wata irin sankarar jini. Hauser ya nemi a gwada shi a kan masu MS. Hukumar bincike kan lafiya ta gwamnatin Amurka ta ƙi ba da kuɗi, sai kamfanin Genentech ne ya ɗauki nauyin gwajin. An yi shi da mutum 104, sakamakon ya fito a 2008: raunuka masu kumburi da na'urar MRI ke nunawa sun ragu da kashi 91 cikin 100.

Amma fa akwai abin mamaki. Maganin ya yi aiki da sauri ƙwarai, tun kafin yawan antibodi a jiki ya ragu. Ashe ba antibodin ba ne babbar matsalar, ƙwayoyin B ɗin ne da kansu ke zuga ƙwayoyin T su kai hari. Wato Hauser ya kama mai laifi, amma dalilin da ya sa ya zarge shi tun farko bai cika daidai ba. Gwajin ne ya gyara masa fahimta, shi kuma ya karɓi gyaran.

Daga nan aka ci gaba da wani magani ɗan uwan na farko, ocrelizumab. A manyan gwaje-gwaje ya rage tashin cutar da kusan rabi idan aka kwatanta da tsohon maganin interferon. A watan Maris na 2017 Amurka ta amince da shi, ya zama magani na farko ga masu nau'in MS da ke ta ƙaruwa tun daga farawa ba tare da lafawa ba. A 2025 Hauser ya samu kyautar Breakthrough tare da Alberto Ascherio na Harvard, wanda ya bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, ya nuna cewa kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr na ninka haɗarin MS sau 32. Kun san a ina wannan ƙwaya take ɓuya a jiki? A cikin ƙwayoyin B.

Har yanzu dai ba a samu maganin da ke warkar da MS ba, kuma sababbin magungunan na da tsadar gaske. Shi ya sa matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a 2023 yake da muhimmanci: ta saka rituximab, wanda ya fi araha, cikin jerin muhimman magunguna saboda masu MS. Abin da ya rage shi ne ya isa hannun marasa lafiya a ƙasashen da ko na'urar MRI ma sai an yi tafiya mai nisa kafin a same ta.