Makoki Ko Nadama? Wata Kalmar Girkanci A Hannun Masu Fassara

Lokacin da kawuna ya rasu a unguwarmu ta Gesse a Birnin Kebbi, cikin masu zuwa gaisuwa har da wani maƙwabcinmu Kirista, tsohon malamin makaranta. Bayan an yi addu'ar uku, sai hira ta kai mu ga wata aya a Linjilar Matiyu, sura ta 5 aya ta 4, wadda ta yi wa masu baƙin ciki alkawarin ta'aziyya. Ya ce gardama ce ta daɗe: wane irin baƙin ciki ake nufi, na mutuwa ko na zunubi? Da na koma jami'a sai na shiga bincike.

An rubuta Sabon Alkawari da Girkanci, watau Helenanci. Girkawa suna da kalmomi da dama a wannan fage. Akwai lupeo, baƙin cikin da ke cin zuciya a ɓoye. Akwai klaio, kuka da hawaye. Amma kalmar da ke cikin ayar ita ce pentheo, wadda tun asali ta shafi juyayin mamaci, irin wanda ba ya ɓoyuwa. Ta biyun kuwa parakaleo, daga para, kusa, da kaleo, kira. Wato a kira mutum kusa, a lallashe shi. Ashe ba abin da muke yi ke nan a kan tabarma a ƙofar gida ba?

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a tsohuwar fassarar Attaura ta Girkanci, kalmomin nan biyu sun haɗu a labarin Annabi Yakubu, Farawa sura ta 37. Da aka kawo masa rigar Yusufu da jini, pentheo ya yi kwanaki masu yawa. 'Ya'yansa suka zo parakaleo, ya ƙi lallasuwa. Musulmi ma mun san wannan juyayi, har idanunsa suka yi fari.

To, yaya za a faɗi wannan da Hausa? Wanda ya fara karo da matsalar shi ne Bajamushen nan J. F. Schön, wanda aka buga masa Matiyu da Hausa a 1857. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ya dogara ga bakin mutane irin su Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Sai Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa, waɗanda aikinsu ya kai ga buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya a 1932.

Duk mai wannan aiki, hanya biyu ce a gabansa. In ya ce nadama, ya bi malaman da suka fahimci kukan zunubi, kuma suna da hujja, don Wasiƙar Yakubu ta yi amfani da kalmar a kan tuba. Sai dai Bahaushe ba ya nadamar mutuwar ɗansa. In ya ce makoki, ya kama asali, gwauruwar da ke takaba ma za ta ji da ita ake.

Ni dai makoki na zaɓa. Da na koma hutu na gaya wa malamin, ya yi murmushi ya ce shi har yanzu yana tare da masu nadama.