Tsiro da tsami: yadda tukunyar giya ta bar gidajen Anna a ƙasar Maraɗi

Daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, abin da ake tarbar baƙo da shi yau fura ce, ko kunu, ko farau-farau mai sanyi. Ƙasar salla ce, kusan babu ƙauyen da ba shi da masallaci da makarantar allo. Amma kakannin mutane da yawa a nan sun dafa giya, kuma ba a ɓoye suke dafa ta ba. A tsakar gida ake girka tukunyar, da umarnin maigida, a sha a gaban dattawa. Ni Musulmi ne, hukuncin barasa a wurina a bayyane yake, ba na kuma begen dawowarta. Sai dai wanda bai san inda wannan tukunya ta zauna ba, da wuya ya fahimci yadda aka yi noma da aure da sarauta a wannan ƙasa, balle ya gane asalin kunun zaƙin da yake sha da azumi.

Masu tukunyar su ne Anna, waɗanda a wasu wurare ake ce wa Arna ko Azna, a ƙasar Kano kuma Maguzawa: Hausawa manoma da suka riƙe addinin gado. Kowane dangi da gadonsa, akwai na noma, na farauta, na ruwa, na ƙira. Gida babba ne, uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gandu ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. A cikin gidan akwai jigo, wurin da maigida yake yi wa iskokin gadonsa yanka, irin su Kure da Uwar Gona. Giya tana cikin wannan tsari tun daga farkon shekara har ƙarshenta. In za a yi gayya, da ita ake sallamar waɗanda suka zo da hauya. In aure ne ko rasuwar babban mutum, kwanaki kafin taron mata sun jiƙa dawa. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi ya kuma fitar da babban littafinsa a 1975, ya bayyana bikin dubu: manomin da ya tara dami dubu yakan tara jama'a ya rabar da hatsin, a ci a sha, daga nan ya zama Sarkin Noma. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano ya buga nasa littafin a 1946, shi ma ya tarar cewa shan giya yana cikin manyan abubuwan da ke raba Bamaguje da maƙwabcinsa Musulmi, alhali harshensu ɗaya, gonarsu ɗaya.

Dafa ta aikin mata ne, kuma aikin haƙuri ne da ke cin kusan mako guda. Da gero ma ana yi, amma jar dawa aka fi so, wadda ta fi yin kyau a fadama da bakin gulbi, kamar Gulbin Maraɗi da ya ratsa ƙasar Tsibiri da Gidan Rumji, da Gulbin Kaba da ya bi ta wajen Gazawa. Za a jiƙa dawar ta kwana, a tsame, a baza a inuwa a rufe da ganye ko tsohuwar tabarma, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku ko huɗu ta fito da tsiro. Wannan shi ne sirrin duka aikin. Ƙwayar hatsi in ta fara tsira takan saki wani sinadari da ke narkar da sitacin cikinta ya koma zaƙi, don ɗan tsiron ya samu abin ci. Mai dafa giya tana katse wannan tafiya a tsakiya: ta shanya tsiron a rana ya bushe, ta niƙa, ta dama da ruwa, ta dafa. Sai ta bar ƙullun ya kwana ya yi tsami, washegari ta sake tafasa shi na sa'o'i har ya yi kauri, ta sauke ya huce. A nan ne take zuba ɗan ragowar giyar da ta gabata, ko ta juye a tsohuwar tukunyar da ba a kankare cikinta. Kafin kwana biyu tukunya ta tashi tana kumfa.

Abin da ke fitowa ruwa ne mai duhu, ja-ja, da ɗan kauri, mai tsami da ƙanshin hayaƙin itacen da aka dafa shi da shi. Ɗanɗanonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ranar farko zaƙi ne ya fi yawa, ƙarfinsa kaɗan. Rana ta biyu zaƙin ya ja baya, ƙarfi ya ƙaru. In aka kai kwana uku ko huɗu a zafin ƙasarmu, ya zama ruwan tsami, sai a zubar. Shi ya sa ba a ajiye giyar gargajiya, ba a kuma tafiya nesa da ita. Dole a tara mutane su shanye a rana ɗaya, wannan kuwa ya sa ta zama abin taro tun asalinta. Danginta suna nan ko'ina a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya: dolo a Mali da Burkina Faso, cukutu a Benin da Togo, pito a Ghana, bili-bili a Cadi da arewacin Kamaru.

Wanda ya ji labarin Beljiyam zai yi mamakin kusancin hanyar. A kwarin kogin Senne, kusa da Burusel, har yau ana yin wata giya mai suna lambik. Bayan an dafa ruwan sha'ir da alkama, sai a zuba shi a wani faffaɗan kasko marar zurfi a saman bene, a bar shi a buɗe ya kwana, ƙwayoyin halittar da ke cikin iska da jikin katakon ɗakin su sauka a kai. Ita ma tsami gare ta, saboda irin ƙwayoyin da ke tsamar da nono suna cikin masu aikin, kamar yadda suke a tukunyar Anna. Akwai kuma wadda suke kira sezon, da manoman lardin Hainaut suke dafawa da sanyin hunturu don masu yi musu aikin girbi, wato abin da giya take yi a gayya. Bambancin yana ga yanayi. Su sanyi ya ba su damar ajiye lambik shekara ɗaya zuwa uku a gangar katako, su gauraya tsohuwa da sabuwa su sami gez, ko su jiƙa 'ya'yan ceri a ciki su sami krik. Suna kuma sa furen wata ciyawa mai yaɗo da ke hana ta lalacewa. Abin da ake iya ajiyewa ana iya sayar da shi nesa, a yi masa suna, a rubuta tarihinsa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon 'yan Adam. Tamu tukunyar ba ta taɓa wuce kwana huɗu ba.

Mutane da yawa suna ɗauka jihadin 1804 ne ya kawar da giya daga ƙasar Hausa. A wannan yanki akasin haka ya faru. Da Katsina ta faɗa hannun mutanen Shehu Usmanu a 1807, Alƙalawa kuma a 1808, sarakunan Haɓe da aka kora nan suka nufo. Katsinawa suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi. Sarakunan nan Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai, amma ƙasar da suka sauka ta Anna ce, da kibiyar Anna suke yaƙi, da hatsin Anna suke ci. Ba su da halin hana su gadonsu, ba su ma nema ba. A fadar Gobir akwai Inna, a ta Maraɗi akwai Iya, manyan mata masu riƙe da bori, kuma buɗin daji, bikin da ake buɗe shekara da shi, ya ci gaba da sanin sarki. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Tasawa ya sauka Gazawa a watan Janairun 1851, ya tarar da gari mai kafi da gwalalo, a bakin dajin da ya raba shi da Katsinar Fulani. Cikin irin wannan kafi tukunyar giya ta samu mafaka na kusan shekara ɗari bayan an kore ta daga manyan birane.

Turawa ma ba su ne suka hana ta ba. A Burusel ɗin nan ne, a 1890, ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta taƙaita shigo da barasa mai ƙarfi cikin Afirka, musamman yankunan Musulmi, kuma da ita Ingilishi suka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje a Arewacin Najeriya. Amma wannan doka kan barasar kwalba take magana. Giyar da matar manomi ta dafa a bayan ɗakinta ba ta cikin abin da aka tattauna.

Abin da ya ci ta zaman lafiya ne da kuɗi. Da yaƙi ya ƙare, mutane suka fita daga kafi suka bazu cikin jigawa suna saran sababbin gonaki, ƙauyuka da dama na ƙasar Agye da Gazawa a lokacin aka kafa su. Faransawa suka ɗora haraji da kuɗi, gyaɗa ta zama hanyar biyansa, musamman daga shekarun 1930. Saurayi ya ga zai iya noma gayaunarsa ya sayar, ya yi aure da kuɗinsa, ko ya tafi cin rani Kano. Gandu ya fara rabewa, kuma in gandu ya rabe, wa zai fitar da dami goma a dafa wa dangi giya? A kasuwa kuwa, wanda ake ba bashi a amince da shi shi ne mai salla. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, su suka zama abin koyi: babbar riga, Makka, masallaci a ƙofar gida. Ɗan Anne da ke son shiga wannan sahu ya san abin da zai fara bari. Har waɗanda suka bi 'yan mishan na SIM, da suka zauna Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, ba su tsira da tukunyarsu ba, domin wannan mishan ita ma ta haramta wa mabiyanta giya. Addinai biyu da suka saɓa a kan abubuwa da yawa suka jitu a kan wannan.

Giyar da ta rage sai ta sauya hali. Ta bar tsakar gida ta koma gefen gari da bakin kasuwa, ta zama burkutu na sayarwa, ana auna ta da ƙoƙo a karɓi kuɗi. A ganina nan ne cutarwarta ta fi yawa. A da dattijo ne ke cewa a dafa, shi ke cewa ya isa, kuma sai da dalili. Da ta koma ta sayarwa kuwa, mai kuɗin gyaɗa yana iya zama shi kaɗai ya shanye abincin iyalinsa. Ma'aikatan gwamnati da sojoji kuwa suka koma ga kwalba, bayan an kafa kamfanin Braniger a Yamai a 1967, wanda ya fito da Bière Niger mai hoton raƙumin dawa.

Sannan fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, da na 1984 da mutanen nan suke kira El Buhari. Wanda ya ga rumbu wayam, ya ga mata suna tonon gidan tururuwa don neman ƙwaya, ba zai sake kallon tiya goma na dawa a cikin tukunyar giya da ido ɗaya ba. Wa'azin Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, ya iso Maraɗi a shekarun 1980 ya tarar da zukatan da suka riga suka karkata. Da Zamfara da Katsina suka fara aiki da shari'a a 2000, masu gidajen giya da dama suka tsallako iyaka, abin ya harzuƙa mutane. A watan Nuwamba na shekarar, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka ƙona mashayu, aka kai hari gidan Iya da harabar mishan. Ban yarda da ƙone-ƙonen ba, wa'azi da haƙuri sun riga sun yi aikin da wuta ba ta ƙara masa komai ba.

Ilmin dai bai tafi tare da giyar ba. Dubi yadda gwanar kunun zaƙi take aiki. Ta jiƙa gero ta niƙa da citta da kanumfari, ta raba ƙullun biyu, ta zuba wa kashi ɗaya tafasasshen ruwa ya yi kauri. In ya ɗan huce sai ta zuba ɗanyen kashin, wanda ta haɗa da garin tsiron dawa ko na shinkafa ko busasshen dankali, ta rufe ya kwana. Da safe kaurin ya saki, zaƙi ya fito ba tare da ta sa sukari ba, ga ɗan tsami mai daɗi. Matakan farko na dafa giya ke nan sak, an dai tsaya kafin tukunya ta tashi. Tsamin koko da na furar da ta kwana duk gidansu ɗaya. Masana'antu ma sun dawo ga tsiron dawa: da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma ga dawa, ciki har da irin SK 5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, kuma lemunan malt marasa barasa da ake sha a bukukuwanmu suna cikin abin da ake yi da ita.

Abin da ke damuna yanzu sukari ne. Yarinyar da ke yin kunun sayarwa a tashar Agye ko kasuwar Gazawa ba ta da kwana huɗun jiran tsiro. Ta dama gari, ta zuba sukari da ƙanƙara, ta ɗura a gora, kuma ba laifinta ba ne, ciniki ne ya koya mata. Amma tsofaffin da suka san tsawon da tsiro zai kai kafin a shanya shi, da zafin da ƙullu zai sauka kafin a haɗa, suna ƙarewa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi tana da sashen aikin gona, ɗalibanta da yawa 'ya'yan ƙauyukan nan ne. Ya kamata a tura su wurin kakanninsu mata da littafi da ma'aunin zafi, su zauna tun daga jiƙo har tata, su rubuta kowane mataki da sunan da tsohuwar take kiransa.