Ciyawar da Monet ya zana, da wadda ke bayan makarantunmu

Ranar 15 ga Afrilu 1874, masu zane kimanin 30 suka buɗe baje kolin ayyukansu a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto, Nadar, a birnin Faris. Sun gaji da alƙalan babban baje kolin hukuma, waɗanda suka fi son zanen sarakuna da yaƙe-yaƙe, a goge shi sumul. Cikin abin da Claude Monet ya rataya akwai ƙaramin zane, santimita 50 a tsaye, 65 a kwance, wanda ya yi a 1873 kusa da garin Argenteuil. Sunansa Coquelicots, kuma yau yana gidan tarihi na Orsay.

Abin da ke ciki ba shi da yawa: gangaren tudu cike da jajayen furanni, mace riƙe da laima da yaro a gefenta, jerin itatuwa daga nesa, sai gajimare. In ka matsa kusa, furannin ɗigo-ɗigon jan fenti ne kawai, fuskokin ma ba su fito sosai ba. Ja da baya taku uku, sai ka ga fili a rana, iska na kaɗa ciyawa. Monet hasken wannan sa'a yake farauta kafin ya gushe. Abin da ya sauƙaƙa irin wannan aiki shi ne fentin da ake ɗurawa a bututun ƙarfe, wanda aka ƙirƙiro a 1841, har mai zane ya iya fita fili da kayansa.

Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi musu ba'a a jaridar Le Charivari. Ya ɗauko kalma daga sunan wani zanen Monet na fitowar rana, ya laƙaba musu "impressionnistes", wato masu zana abin da ido ya tsinkaya a kallon farko. Sunan ba'a ya zama sunan girma.

Ga abin da ya shafe mu: wannan jan fure ciyawa ce da ke damun manoman alkama a Faransa. Monet ya tsaya ya kalli abin da kowa ke takawa ya wuce. Mu ma muna da irinsa. Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Da damina tafasa kan yi fure rawaya a bakin hanya, duman rafi ya malale fadama, bado ya buɗe a tafki. Ko ƙuduji, maƙiyin gero da dawa, furensa abin kallo ne.

Amma a azuzuwa da dama, darasin zane kwafe ne: malam ya zana tulu a allo, yara su kwaikwaya. A gida kuma a ce wa yaro ya daina ɓata takarda. Alhali yaron da ya zauna ya zana ƙuduji da kyau zai gane shi a gonar mahaifinsa tun bai zubar da iri ba.

Malamai, ku fita da ɗalibai bayan makaranta da hantsi, ku koma wuri ɗaya da la'asar, su zana sau biyu, su faɗi abin da ya sauya a launi da inuwa. Iyaye kuma, in yaro ya kawo takardarsa gida, ku tambaye shi sunan tsiron. In bai sani ba, ku faɗa masa.